Makullin Sarƙar da Ka Juya Ba Ka Faɗa Mini Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗana, Mai-sunan-Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a gida da daji, a kan kwalta da kan yashi, Ya kare hannuwanka daga abin da zai cuce ka ko ya cuci wani bawan Allah. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana a nan Zango, rumfa ɗaya muke wuni a gindin darbejiyar bakin tasha, ga shi kuma ubanka ya rubuto maka wasiƙa kamar wanda ya tafi ci-rani. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan farina, tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban kuma taɓa duban idonka na ce ka kyauta ba. Idan aikinka ya yi kyau sai in yi gyaran murya in ce miƙo mini sifana. Akwai maganar da bakina ba zai iya yi a gabanka ba, ita kuwa takarda ba ta kallon mutum. Kada ka yi wa girman rubutun dariya, kwana uku na yi ina fama da shi a tsakar rana, da tabaran da na aro.

Innarka ta gaya mini abin da ka ce mata, wai ka fasa tafiya garin Babban Mutum ranar Asabar, sai bayan damina. Rumfar da kawunka Lawal ya kafa maka a bakin kasuwarsu tana can tana jiranka, ya riga ya cika gari da labarin ɗan 'yar'uwarsa bakaniken babur na nan tafe. Ta tambaye ka dalili ka ce mata ba komai. Ni na san dalilin, kuma zan zo kansa. Amma tun daga nan ina gaya maka, ban yarda ba. Ranar Asabar za ka hau mota, da akwatin kayan aikina a hannunka.

Na koya maka yadda ake aiki, ban taɓa gaya maka inda na samo kowace doka ba. Kana jin ina tsawa a kan canjin sarƙa kamar ni na ƙirƙiro babur. Gaskiyar magana ita ce, kowace dokar da na kafa maka, sai da na karya ta da kaina na sha kunya tukuna. Bari in zayyana maka su, tun da za ka je inda babu mai yi maka tsawa.

Ka fara da buɗe akwatin. Za ka ga sifanu jere a cikin tsumma, daga mai lamba takwas har mai lamba ashirin da biyu. Akwai filaya biyu, mai dogon baki da mai faɗin baki, da sukudireba uku, da ƙaramar guduma, da ƙarfen fitar da ƙusar sarƙa, da tsohon buroshi na wanke ta da kananzir, da 'yar butar mai. Babu wani abin mamaki a ciki. Amma akwai wani noti guda a lungun akwatin wanda ka sha tambayata amfaninsa ina share ka. Ga labarinsa.

Ina yaro a Daura, a wurin maigidana Malam Iro, Allah Ya jiƙansa, aka kawo babur a canza masa sarƙa. Sifanar da ta dace da babban notin ƙafar baya tana hannun wani, ni kuwa ina so a ga saurina. Sai na ɗauko kurfi da guduma na dinga dukan notin ta gefe har ya kwance. Ina ta murna, ashe na cinye masa kusurwoyi, ya koma mulmulalle, babu sifanar da za ta sake kama shi. Malam Iro bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya sa wa mai babur wani notin, sannan ya miƙo mini wanda na lalata da magagari, ya ce, “Idi, mayar masa da kusurwoyinsa shida, in ka gama ka zo ka ci tuwo.” Tun hantsi nake gogawa har la'asar sakaliya, hannuna duk ya yi kanta. Da na kai masa sai ya jujjuya shi, ya ce, “Ya yi kyau, amma yanzu ba ya shiga kowace sifana. Riƙe abinka.” Shi ne nake riƙe da shi har yau.

Saboda haka, kowane noti ka ba shi sifanarsa. In babu ita a kusa, ka tashi ka nemo, ko da mai babur yana tsaye a kanka yana duban agogo. Ka goge kayan aikinka kafin ka tashi, ka ƙirga su da ido kafin ka rufe akwati. Idan abokin sana'a ya zo aro ka ba shi da fara'a, amma ka bi sawun abinka kafin rana ta faɗi, domin na yi asarar filaya uku saboda kunyar tambaya.

Kuskure na biyu na yi shi ne bayan na kafa rumfar kaina, lokacin da nake son kowa ya ce Idi mutumin kirki ne. Wani manomi ya zo da sabuwar sarƙa a leda ya ce in ɗaura masa. Na duba faifan haƙoran nan biyu da sarƙa ke hawa, ƙaramin na gaba da babban na baya, na ga haƙoransu sun siɗe sun lanƙwashe kamar ƙaya. Na san abin da ya kamata in faɗa. Amma ya ce, “Haba Idi, ai faifan nan da sauransu, ɗaura mini kawai.” Ni kuma don kada ransa ya ɓaci na ɗaura. Ko wata biyu ba a yi ba tsofaffin haƙoran suka cinye sabuwar sarƙar, ta dinga tsalle tana zamewa. Ranar kasuwa, tasha cike da jama'a, ya turo babur ɗin har gabana ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a ku zo ku ga aikin bakanike!” Bai tuna shi ya matsa mini ba, kuma da gaskiyarsa, domin shi gero ya sani, ni ne na san ƙarfe.

Daga ranar na daina sayen murmushin mutum da aikin banza. Sarƙa da faifanta tare suke tsufa, tare ake canza su. Ka kama hannun mai babur ka ɗora yatsansa a kan haƙoran ya ji da kansa. In ya yarda, madalla. In ya ƙi, ka gaya masa abin da zai biyo baya a gaban shaida, da murya mai taushi, ka bar shi ya zaɓa. Mutanen Babban Mutum manoma ne da masu harkar dabbobi, suna ɗora wa babur abin da jaki zai gani ya gudu. Za su yi maka gardama, za su ce bakaniken da ya gabace ka ba ya wannan iyayi. Ka daure. Bayan damina ɗaya su da kansu za su dinga kawo maka 'yan'uwansu.

Na uku kuwa gara ka ji shi daga bakina, domin kana sauka kawunnanka za su ba ka shi da gishiri. Lokacin da nake neman Innarka, aka sa ranar da zan je gaida iyayenta a can Babban Mutum. Na sayi sabuwar sarƙa na ɗaura wa babur ɗina, na ce yau sai sun san bakanike ne zai auri 'yarsu. Ba na son a ji ko ƙwas idan na shiga gari, sai na ɗaure ta tamau, ko motsi ba ta yi. Na ɗora buhun gero ɗaya da rabi a baya, na sa farar shadda, na hau. Abin da ban lissafa ba shi ne, idan nauyi ya danne babur sarƙa ƙara miƙewa take. Ina cikin yashin nan na kusa da gari, saura kaɗan in shiga, sai na ji tas! Ta tsinke. Akwatin aiki kuwa na baro shi a gida, wai kada ya ɓata mini kwalliya. Haka na turo babur da gero cikin rana, na shiga garin surukaina a ƙasa, shaddata duk baƙin mai. Kawunka Lawal yana zaune a ƙofar gida, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Sannu da zuwa, bakanike. Babur ɗin ne ya gaji kake lallashinsa?” Har yau in na je, da “Mai-turi” suke gaishe ni. Innarka ta ce wai ranar ce ta yanke shawarar aurena, don ta ga ko da na sha wuya ban yar da geron ba. Ni dai ban yarda da wannan labarin nata ba.

To ka riƙe wannan. Sarƙa tana son a bar mata wurin numfashi. Ka taɓa tsakiyarta ta ƙasa, ta yi sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu. Ka juya ƙafar baya a hankali ka nemo inda ta fi tsauri, a nan za ka auna, ba inda ta fi sakewa ba. Sannan ka sauke babur daga ƙafarsa ta tsakiya, ka sa mai shi ya hau, ka sake taɓawa. In ka san mai lodi ne ka ƙara mata sarari kaɗan. Kuma ko ɗaurin aurenka za ka je, kada ka bar filaya da sifana biyu a gida.

Sauran ƙananan abubuwan ka san su, amma bari in maimaita don raina ya kwanta. Ka kafa babur a ƙasa mai tauri, in yashi ne ka sa katako a ƙarƙashi. Kafin ka zare tsohuwar sarƙa ka maƙala mata sabuwar a wutsiya, ka ja, ita za ta shigar maka da sabuwar ta kan faifan gaba ba tare da wahala ba. Idan za ka rage tsawo kada ka jera su ka gwada da ido, tsohuwar ta riga ta miƙe, za ta ruɗe ka. Gaɓoɓinta za ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Notocin nan biyu na ja da baya, na dama da na hagu, ka juya su daidai wa daida, in ba haka ba ƙafar za ta karkace ta ci sarƙa ta ci taya. In ka matsar da ƙafa ka sake saita birkin baya, mutane da yawa suna mantawa da shi. Mai kuwa kaɗan ya isa, a ƙasarmu mai yashi sarƙar da ta jiƙe sharkaf tattara ƙasa take yi tana niƙa kanta. A ƙarshe ka hau da kanka ka zagaya kafin ka miƙa wa mai shi.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Shi ba abin dariya ba ne, kuma ban da Innarka da mutum biyu babu wanda ya san shi.

Ka san ɗan makullin nan da ke riƙe mahaɗar sarƙa, wanda bai kai farcen babban yatsa ba. Gefe ɗaya kansa a rufe, gefe ɗaya bakinsa a buɗe. Ka san yadda nake ɗaga murya a kansa: rufaffen kan ya kalli inda sarƙa take tafiya, buɗaɗɗen bakin ya biyo baya. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa bakin a cikin gudu zai iya fizge shi, sarƙa ta rabu. Kun sha yi mini dariya a ɓoye kai da abokanka, kuna cewa Baba ya fi tsoron wannan ɗan ƙarfen a kan maciji. Ina jinku.

Kafin a haife ka da 'yan shekaru, wata ranar kasuwa, babura biyu suka zo canjin sarƙa a lokaci ɗaya. Ɗaya na wani tela ne, ɗaya na Malam Haruna mai harkar tumaki, wannan dai Malam Haruna da ka sani, mai ɗingishi, wanda ke kawo mana goro yana kiranka takwara. A lokacin ƙafafunsa biyu lafiya lau, dogo ne, ba ya tafiya a hankali. Ina aiki ina musu da masu zaman rumfa a kan wani damben da aka yi, bakina na can, hannuna na nan. Na gama na sallame su. Washegari da hantsi aka zo aka ce Malam Haruna ya faɗi a hanyar Daura, da raguna biyu a bayansa. Sarƙa ta rabu ta naɗe a ƙafar baya, babur ya ƙame a cikin gudu, ya yi jifa da shi. Cinyarsa ta karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a gajarce.

Ni aka aika in ɗauko babur ɗin. Na duba sarƙar na ga ba tsinkewa ta yi ba, a mahaɗa ta buɗe, makullin babu shi. Sai na tuna da ɗayan babur ɗin da na yi tare da shi. Ban tsaya ba sai gidan telan nan, na ce masa na zo in ƙara wa sarƙarsa mai. Na durƙusa na duba, sai ga makullinsa a juye, bakinsa na kallon gaba. Na gyara shi, ban gaya masa abin da na gani ba. A ranar na san abin da na yi wa Malam Haruna.

Mutane suka ce sarƙar ce jabu, suka yi ta zagin mai kantin da ya sayar da ita. Ni kuwa na yi shiru, har da gyaɗa kai. Na je dubiya na zauna a gefen tabarmarsa na ce Allah Ya kiyaye gaba, ya ce, “Amin Idi, na gode da zumunci.” Shekara uku ina ganinsa yana jan ƙafa ya wuce ta gaban rumfata, yana ɗaga mini hannu. Ba na jin akwai abincin da na ci ya yi mini daɗi sosai a shekarun nan.

Sai lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a ya zo, gari ya ɗauki wa'azi, ko'ina maganar mudu da sikeli ake, ana ta fallasa masu tauye awo. Ina cikin masu kabbara da ƙarfi. Wata Juma'a ina dawowa daga masallaci sai na tambayi kaina, mai tauye mudu ai gero kaɗan ya rage wa mutum, ni fa da na rage wa mutum ƙafa? Kuma babu mai zuwa duba nawa mudun, domin babu wanda ya san da shi. Ban shiga gida ba, na wuce kai tsaye zauren Malam Haruna. Na same shi yana gyaran igiya, na durƙusa na gaya masa komai, har zuwana gidan tela.

Ya ajiye igiyar yana shafa gwiwarsa. Ni dai na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da zai zo, ko ya ce mu tafi gaban alƙali, na shirya. Can sai ya ce, “Idi, shekara uku kana ɗauke da wannan kai kaɗai?” Na ce e. Ya ce, “Wallahi da a makon da abin ya faru ka faɗa mini, ban san me zan yi maka ba, don na sha azaba. Amma yanzu ni da ƙafar nan mun saba. Na yafe maka duniya da lahira.” Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, “Tsaya, da sharaɗi. Ka je ka wanke mai kantin nan da aka zaga a banza. Sannan daga yau babu mai taɓa babur ɗina sai kai. Wanda abu ya ci wa rai haka ba zai sake ba.” Na yi masa alkawari a wurin, na ce in Allah Ya yarda hannuna ba zai ƙara juya makullin sarƙa ba har in mutu. Na je wurin mai kantin ma, shi bai yi mini da sauƙi haka ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan wata bakwai aka haife ka. Yanzu ka san dalilin da ya sa ba sunan mahaifina na sa maka ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. Idan hannunka na kan makulli ko birki, bakinka ya yi shiru, ko wane ne yake yi maka magana. Idan kuma Allah Ya ƙaddara ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, da ƙafarka ka je. Shirun da na yi ya fi kuskuren muni, domin kuskuren ban yi shi da gangan ba, shirun kuwa kullum da safe sai na sake zaɓarsa.

Fiye da shekara ashirin na riƙe alkawarin nan. Ranar Litinin da ta wuce na karya shi.

Ka tuna ɗan acaɓan nan Sanusi da ya kawo babur ɗinsa kafin azahar. Ni na ɗaura sarƙar, ni na sa makullin. Sai ka ce, “Baba, je ka yi alwala an kusa tayar da salla, bari in zuba mata mai.” Na tafi, na kai bakin masallaci na tuna na bar hulata a kan benci, na juyo. Daga bayan darbejiya na hango ka a durƙushe, ka ba Sanusi baya, filaya mai dogon baki a hannunka. Idona bai ga abin da kake yi ba, amma kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji ƙas na fitar makulli, na ji ƙas na komawarsa. Shekara talatin da wani abu ina jin wannan ƙarar, ba zan kasa gane ta ba. Sannan ka miƙe ka ce masa, “Aikin Baba ne, mai kawai na ƙara. Allah Ya kiyaye hanya.” Sanusi kuwa mata da yara yake ɗauka zuwa ƙauyuka.

Na yi sallar nan ba hula. A cikin sahu na tuna cewa watanni ke nan duk babur ɗin da na gama sai ka ce bari ka zuba masa mai. Ni ina cewa a raina yaron nan ya cika son butar mai. Ban sani ba ko na Litinin ne na farko da ka juya, kuma kada ka gaya mini. Na daɗe da sanin hazo ya fara rufe mini ido, ƙananan abubuwa suna haɗe mini, ina ɓoyewa ina cewa ba wanda ya lura. Ashe ka lura tuntuni, ka tsaya a bayana kana tare abin da ke zubewa, ba ka bari ko masu zaman rumfa sun gane ba. Dalilin fasa tafiyarka ke nan. Kana tsoron in ka tafi babu mai bin bayan aikina.

To ka saurara. A ranar na ji kunya irin wadda ban ji ba tun zauren Malam Haruna. Amma abin da ya fi kunyar yawa shi ne alfahari. Wallahi ƙirjina cika ya yi har na rasa inda zan sa kaina. Na haifi ɗan da idonsa ya ga abin da bai kai farce ba, hannunsa ya gyara shi cikin ƙiftawa, kuma zuciyarsa ta hana shi kunyata ubansa a gaban mutane. Ni a shekarunka da na kama maigidana da kuskure, da sai duk Daura ta ji. Ka fi ni hannu, ka fi ni hali, kuma ina faɗar haka da farin ciki. Abu ɗaya kawai zan gyara maka: ka ce wa Sanusi mai kawai ka ƙara, alhali ba haka ba ne. Na san don ni ka yi. Kada ka sake yi don kowa, ko da ni ne.

Game da rumfa kuwa, ka sauke wannan kayan daga kanka, na riga na gama da shi. Jiya da safe na taka da ƙafata har rumfar Sabo, wanda ka san shekara ashirin ina cewa ko keken yara ba zan ba shi ya gyara ba. Na ce masa daga yau duk aikin sarƙa da birki da ya zo wurina shi zan turo wa. Ya buɗe baki yana kallona, ya ce, “Malam Idi, lafiya kuwa?” Na ce, “Lafiya lau, idona ne ya gaji. Kuma rufaffen kai gaba yake kallo, in na ji ka juya shi sai na zo da kaina.” Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kawo mini shayi. Tsakani da Allah aikinsa ba shi da laifi, bakinsa ne dai ya yi yawa. Ni zan zauna da facin taya da canjin mai da sauraron inji, wannan kunne ke yinsa. Na kuma yarda Innarka ta raka ni asibiti a duba idon bayan kasuwa mai zuwa, ka ga ita ma ta ci nasara bayan shekara biyu tana mita.

Don haka ba ka da sauran hujja. In ka zauna saboda ni, ka mayar da ni mutumin da ya gajarta ƙafar wani sannan ya ɗaure ƙafar ɗansa, kuma ba zan iya ɗaukar wannan ba. Ban ba ka akwatin nan don ba ni da amfani da shi kawai ba. Na ba ka ne don a duk ƙasar Daura ban san hannun da ya fi cancanta da shi ba.

Kafin ka tafi ka biya ta zauren takwaranka ka yi masa sallama. Ya daɗe yana ce mini in gaya maka labarin nan, ina cewa sai ka girma. Ka gaida kawunnanka, in sun ce maka ɗan Mai-turi ka amsa, gaskiya suka faɗa. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko da ƙafar babur tana kwance a ƙasa. Idan ka zo da Sallah ka duba mini sarƙar babur ɗina, amma wannan karon a gabana za ka duba, ba sai ka aike ni alwala ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah Ya sa duk wanda ya hau babur ɗin da ka taɓa ya isa gidansa ya tarar da iyalinsa lafiya. Allah Ya tsare maka idonka da hannunka da amanarka. Na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini.

Allah Ya yi maka albarka, Haruna.

Ka ga na rubuta sunanka da hannuna. Kada ka nuna wa Innarka wannan layin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Idi Bakanike, Zango.